Rana Dubu Ta Ɓarawo, To Ina Ranar Mai Kaya?

Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili a wannan mujalla tamu in amayar da wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro tun zaman ƙungiya na zangon da ya wuce. Waɗanda suka halarta za su tuna wani yayanmu na ajin ƙarshe ya karanta takarda a kan gaskiya da ƙarya a karin maganar Hausa. Takardar ta yi armashi, an yi tafi, ni ma na tafa. Amma da ya zo naɗewa sai ya ce wai Bahaushe ya riga ya gama magana, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, saboda haka babu laifin da za a aikata a bayan ƙasa wanda asirinsa ba zai tonu ba, kome daren daɗewa. Na ɗaga hannu, shugaban zama ya ce lokaci ya ƙure, ga shi an kira magariba. To, abin da baki bai samu ya faɗa ba ran nan, yau alƙalami zai faɗa.

Yaya, ka gafarce ni, ban yarda ba. Ba raina hikimar kakanni nake yi ba, ai ita na zo karantawa a jami'a, da ita kuma nake sa ran cin tuwo. Abin da nake cewa shi ne, wannan karin magana in gargaɗi ne ake yi wa ɓarawo, madalla da shi. In kuwa alkawari ne ake yi wa mai kaya, kamar yadda ka fassara shi, to ba kullum duniya ke cika shi ba, kuma jingina da shi na jawo ɓarna iri biyu. Ta farko, mutane su yi sake da shaida tun tana ɗanya, don sun sakankance gaskiya za ta yi halinta ko ba wanda ya taimake ta. Ta biyu, wadda ta fi muni, in an daɗe ba ta fito ba sai haƙuri ya ƙare, a cafke wanda ya fi kusa da hannu a ce ga ta nan ta fito. Ina da shaida guda, zan baje ta a faifai, malamai da ɗalibai kowa ya auna.

Shaidar tawa daga ƙasar Amurka na ɗauko ta, daga wani ɗan garin manoma mai suna Villisca, a kudu maso yammacin jihar Ayowa. Ƙasar wurin asalinta doguwar ciyawa ce iyakar ganinka, har aka sa mata garma aka mai da ita gonakin masara da wurin kiwon shanu da aladu. A shekarar 1912 mutanen garin kimanin 2,000 ne. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa shi, akwai kantuna da bankuna da majami'u, kowa ya san kowa, ya san uban kowa, ya san wanda ke bin kowa bashi. Irin garin nan ne da in akuya ta ɓace da safe, kafin azahar an san gidan da ta shiga. Na faɗi wannan ne tun da wuri don kada wani ya ce ai birni ne, mai laifi ya saje cikin dubu.

Ranar Lahadi 9 ga Yuni 1912 da dare aka yi bikin yara a majami'ar Presbyterian ta garin. Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan noma, Josiah Moore, ya je tare da 'ya'yansa huɗu da matarsa, wadda ita ce ma ta shirya bikin. Da aka tashi suka komo gida a ƙasa wajen ƙarfe goma saura, tare da wasu 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, ƙawayen 'yarsu, waɗanda aka roƙa musu izinin kwana. Cikin yaran shida babu wanda ya wuce shekara 12, ƙaraminsu shekararsa 5. Da gari ya waye, wajen ƙarfe bakwai, maƙwabciyarsu ta ga gida shiru, ba a ko buɗe wa kaji ba. Ta ƙwanƙwasa, ba amsa, ƙofa a kulle. Ta buɗe wa kajin, ta buga wa ɗan'uwan maigidan waya. Ya zo ya buɗe da mabuɗi, ya leƙa ɗakin baƙi, ya fito ya ce a kira ɗan dokan gari. Duka takwas ɗin an kashe su a kan gadajensu, an farfasa kawunansu da gatarin maigidan.

Mai kisan bai yi gaggawa ba. Ya rufe fuskokin mamatan da mayafai da tufafi, ya lulluɓe madubai da gilasan ƙofa. Ya bar fitilar kananzir a ƙasa a gindin gado, an cire mata kwalba. A madafa ya bar kwano da ruwa mai jini, da abincin da ba a ci ba. Ya jingine gatarin a ɗakin baƙi, kusa da wani ƙullin naman alade. Har a rufin ɗaki akwai tabon inda gatarin ya riƙa bugawa in ya ɗaga shi. Mai karatu, dubi yawan abin da wannan mutum ya taɓa da hannunsa, dubi tsawon lokacin da ya yi yana kai da kawowa cikin gidan. Ko a wancan zamani da ilmin bincike bai yi nisa ba, gida irin wannan littafi ne buɗaɗɗe ga wanda ya iya karatu.

To me ya faru da littafin? Labari ya bazu kamar wutar daji. Kafin sojojin jiha su iso su kewaye gidan wajen tsakar rana, mutane da yawa, wasu marubuta sun ƙiyasta sun kai ɗari, sun kutsa ciki, ɗaki bayan ɗaki, suna ɗaga mayafai, suna taɓe-taɓe, suna tattaka duk inda mai kisan ya taka. Da dare aka kawo karnuka masu bin sawu daga jihar Nebraska. Suka shaƙi abin da ya rage, suka nufi bakin kogi, jama'a na biye da su ɗuu, a can sawu ya ɓace. Aka kira gwanin zanen yatsa daga gidan yarin Leavenworth, ya duba, bai sami abin kamawa ba. Ina zai samu, gari guda ya riga shi sa hannu? In za a yi musu adalci, a lokacin jihar ba ta da ofishin binciken manyan laifuffuka nata, sai a 1921 aka kafa shi, kuma ɗan dokan gari aikinsa raba faɗa da kama mashaya ne. Amma hana mutane shiga ɗaki ba ya bukatar ilmin jami'a.

Yaya, ga inda muka rabu da kai. Kai kana ganin ranar mai kaya a can ƙarshe take, bayan ɓarawo ya cinye dubunsa. Ni kuwa abin da na koya daga Villisca shi ne sau da yawa ita ce ke fara zuwa. Ranar mai kaya a wannan gari ita ce Litinin 10 ga Yuni 1912, daga ƙarfe takwas na safe zuwa tsakar rana, sa'ad da kome ke nan inda mai kisan ya ajiye shi. Ta zo, mutanen gari suka tattake ta da takalmansu, ba kuwa da mugun nufi ba, son ganin ƙwaf ne kawai. Daga ran nan zuwa yau an yi kwana fiye da 40,000. Watau ɓarawo ya ci dubunsa har sau arba'in, mai kaya yana nan yana jira.

Da shaida ta lalace sai aka koma ga abin da ba ya lalacewa, watau zato. Mutum na farko da bakin gari ya faɗa wa shi ne Frank Jones, attajiri mai kantin kayan noma, mai hannu a banki, jigo a majami'ar Methodist, wanda kuma ya zama ɗan majalisar dattawan jiha. Moore ya yi shekaru yana yi masa aiki a kanti, daga baya ya fita ya buɗe nasa, ya kuma tafi da wakilcin kamfanin John Deere, wanda ke kawo ciniki mai tsoka. Ana kuma raɗe-raɗin wata alaƙa tsakanin Moore da matar ɗan Jones. Shi ke nan, an sami dalili. Dalilin ƙiyayya kuwa daban, shaidar kisa daban. In da duk wanda yaronsa ya buɗe rumfa kusa da tasa zai ɗauki gatari, da tuni kasuwar Kurmi ta zama maƙabarta. Amma in ka faɗi haka a irin wannan gari, amsar da za a ba ka ita ce irin wadda mu muke naɗewa da cewa ruwa ba ya tsami banza. Gaskiya ne ba ya tsami banza, sai dai wani lokaci zuba masa tsamiya ake yi.

Wanda ya zuba tsamiyar a nan shi ne James Wilkerson, mai bincike na haya daga kamfanin Burns, wanda ya shigo maganar a 1914. Ya kafe kai da fata cewa Jones ne ya yi hayar wani lebura ya yi kisan. A 1916 aka kamo leburan aka kawo shi gaban mutanen da doka ta ɗora wa duba ko hujja ta isa a shiga shari'a. Sai littafin biyan albashi ya nuna a lokacin kisan yana wurin aikinsa a jihar Ilinoi, nisan ɗaruruwan mil. Aka sake shi, daga baya ma ya yi ƙarar Wilkerson ya ci diyya. Mai hankali zai ce to magana ta mutu. Ina! Sai aka ce ai kuɗin Jones ne suka yi aiki. Lura da wannan tarko, mai karatu, don za ka gamu da shi a wurare da yawa. In an sami hujja, zato ya tabbata. In ba a samu ba, saye ta aka yi, zato ya ƙara tabbata. Wanda ya faɗa ciki ba shi da ƙofar fita. Jones ya kai ƙarar ɓata suna a wannan shekara yana neman dala 60,000, sai shari'ar ta juye ta zama kamar shi ake tuhuma da kisa, ya kuma faɗi. Ya rasa kujerarsa ta majalisa. Har ya mutu ba a taɓa gurfanar da shi a kan kisan ba, ba a kuma taɓa wanke shi a bakin mutane ba. Gari ya dare biyu, 'yan majami'arsa na cewa sharri ne, 'yan majami'ar Moore na cewa shi ne.

Na biyu shi ne George Kelly, wani ɗan tsurut ɗin mai wa'azi haifaffen Ingila, mai yawo gari gari. Shi kam biri ya yi kama da mutum. Yana Villisca a daren, ya halarci bikin yaran, ya kuma bar gari a jirgin asuba, ƙarfe biyar da 'yan mintoci, tun ba a ga gawawwakin ba. Masu ƙara sun ce ya kai tufafi masu jini wurin wanki. Bayan kisan ya dinga rubuta wa hukuma wasiƙu a kan maganar, har ya komo garin ya ce shi mai bincike ne don a bar shi ya shiga gidan. A 1914 an kama shi da laifin aika wa wata yarinya wasiƙun batsa, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali. A 1917 aka tuhume shi da kisan, aka kwana ana yi masa tambayoyi, gari na wayewa ya sa hannu a takarda cewa shi ne, wai wata murya ce ta umarce shi. Daga baya ya janye. Ba tsaya masa nake yi ba, har yau akwai masana da ke ganin ya fi kowa kama da mai laifin. Amma kama ai kama ce. Iƙirarin mutum mai taɓin hankali, wanda aka hana barci dare guda, wane alƙalin kirki ne zai rataye rai a kansa?

Shari'arsa ta farko a garin Red Oak aka yi ta. Cikin mutum 12 da aka zaɓo su taya alƙali yanke hukunci, 11 suka ce a sake shi, ɗaya ya ƙi. Aka sake zama a watan Nuwamba na 1917, aka sallame shi. Daga nan ba a sake kai kowa gaban shari'a a kan wannan kisa ba. Abin da ya fi ba ni takaici a wannan babi shi ne sanin waɗanda suka tara kuɗin lauyoyin Kelly. Mutanen Wilkerson ne, masu cewa Jones ne ya yi. Ba tausayin ɗan wa'azin ne ya dame su ba. Lissafinsu shi ne in aka kama Kelly da laifi, Jones ya wanku, su kuwa ba za su iya ganin haka ba. Watau an kai matsayin da kowa ya riga ya yanke hukuncinsa, shari'a ta zama kokawar ɓangare da ɓangare, yara shida da ke kwance a maƙabarta sun zama sandar dukan abokin gaba. Duk wannan kuwa sunansa neman gaskiya, kuma kowane ɓangare ya tabbata ranar mai kaya ta kusa.

Alhali da mutanen gari sun ɗaga kai daga kallon juna sun dubi hanyar jirgin da ta ratsa su, da sun ga wani abu. A watan Satumba na 1911 an kashe mutum shida a gidaje biyu maƙwabtan juna a garin Colorado Springs. Bayan makonni kaɗan aka kashe iyali mai mutum uku a Monmouth ta jihar Ilinoi, sa'an nan mutum biyar a Ellsworth ta jihar Kansas a watan Oktoba. Kwanaki kaɗan kafin na Villisca aka kashe mata da miji a Paola, ita ma a Kansas. Duka cikin dare, a kan gado, an farfasa kai da gatari ko wani ƙarfe mai nauyi, a garuruwan da jirgi ke bi. Wasu masu bincike na lokacin sun lura da wannan, jaridu ma sun rubuta. Amma kowace gunduma da nata 'yan doka, babu taska guda da ake tara bayanai, kuma a Villisca wannan zance bai yi kasuwa kamar na Jones ba. Dalili a ganina shi ne, baƙon da ya sauka daga jirgi cikin dare ya koma cikin dare ba ya ƙosar da zuciya mai zafi. Fushi fuska yake nema, wadda zai riƙa gamuwa da ita a kasuwa.

Kada a ce ba a yi ƙoƙari daga baya ba. Wani malami, Edgar Epperly, ya fara bin maganar tun yana ɗalibi kamarmu a shekarun 1950, ya zauna da tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ya tono takardun shari'a, sai a 2021 ya fitar da littafinsa. Shekara sittin da ɗoriya, bai sami hujjar da za ta rufe zancen ba. A 2017 Bill James da 'yarsa Rachel suka fitar da nasu littafin, inda suka bi tsofaffin jaridu suka haɗa kashe-kashe masu yawa, suka ɗora su a kan wani lebura ɗan asalin Jamus mai yawo a jirgin ƙasa. Wataƙila sun yi daidai. To ko sun yi daidai, wa za a kama? Wa za a kira a ba haƙuri? Iyayen 'yan matan nan biyu, waɗanda laifinsu kawai shi ne sun bar 'ya'yansu su kwana gidan ƙawa, sun mutu ba su san wanda ya yi musu wannan aiki ba. In sunan ya fito bayan shekara ɗari a shafin littafi, wannan ranar masu tarihi ce. Mai kaya ya riga ya tafi.

A takardar Yaya akwai wani karin maganar, wai ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. A Villisca ta yi 'ya'ya har ana kai su kasuwa. A 1994 aka sayi gidan, aka cire masa wutar lantarki da famfo, aka mai da shi kamannin da yake a 1912, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido. Ana biya a shiga da rana, ana biya mai tsoka a kwana a ciki. Masu farautar fatalwa na zuwa da na'urorin ɗaukar hoto da murya, su kashe fitila, su yi ta kiran sunayen yaran cikin duhu suna roƙon su yi motsi, sa'an nan a nuna a talabijin da intanet. Mutanen garin a ƙidayar 2020 ba su kai 1,200 ba, kuma ga wanda ke nesa, sunan Villisca da wannan gida aka san shi. Dubi yadda abin ya zagayo. A 1912 mutane sun shiga kallo kyauta suka lalata shaida, yanzu kuwa sai an sayi tikiti kafin a yi kallon. An tambayi attajiri, an tambayi mai taɓin hankali, yau ga shi ana tambayar fatalwa. Duk don gudun kalma huɗu: ba mu sani ba.

Na san amsar da za a fara ba ni. Za a ce ai akwai ranar da ba makawa, ranar da kowa zai tsaya gaban Ubangiji ya ga abin da hannunsa ya aikata. Na yi imani da wannan, ba ni da ja. Amma Yaya ba lahira ya nufa ba, a bayan ƙasa ya ce, kunnuwa da yawa sun ji. Kuma addinin da ya tabbatar mana da waccan rana shi ne ya ɗora wa mai da'awa kawo hujja, ya hana mu karɓar labari ba bincike, ya ja mana kunne a kan zato. Bahaushe da kansa ya ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Me ya hana wannan karin maganar shiga takardar? A ganina wanda ya yarda da hisabin gobe shi ya fi kowa cancantar ya iya cewa ban sani ba a yau, don ya san ba a wuyansa aka rataya rufe littafin ba.

Amsa ta biyu, za a ce wannan labarin Turawa ne na zamanin da, ina ruwanmu? Da gangan na zaɓe shi. Ga ƙasa mai kotuna da jaridu da masu bincike na haya da kuɗin kashewa, ga kuma ɗan gari da kowa ya san kowa. In gaskiya za ta iya salwanta a nan, ina ne ba za ta salwanta ba? Sa'an nan ina roƙon kowane mai karatu ya tuna ranar ƙarshe da wani mugun abu ya auku a unguwarsu ko ƙauyensu. Mutum nawa suka shiga ɗakin kafin hukuma ta iso? Waya nawa aka ɗaga ana ɗaukar hoto? Awa nawa aka yi kafin wani suna ya fara yawo a majalisa da bakin rijiya? Sunan wa ne kuwa? In ba baƙon da ya sauka kwanan nan ba, to mai taɓin hankalin unguwa, in ba shi ba, mai kuɗin da aka daɗe ana jin haushinsa. Wanda ya amsa wa kansa waɗannan tambayoyi tsakaninsa da Allah ba zai sake ce mini ina ruwanmu ba.

Mu ɗaliban Hausa abin ya fi shafarmu, don sana'armu ɗaukar magana daga bakin mutane ce. Ana tura mu ƙauyuka da rikoda, mu durƙusa gaban tsofaffi, su ce mana ai wannan kowa ya sani, mu kuwa mu rubuta. Da an tura ɗayanmu Villisca a 1917 ya sauka a gidan ɗan majami'ar Moore, da ya komo da baki hamsin duk suna cewa Jones ne, ya rubuta a kundinsa cewa ruwaya ta yi ƙarfi. Alhali in ka bi bakunan hamsin ɗin ɗaya ɗaya, akasarinsu wurin mutum guda za su kai ka, wanda ke karɓar albashi don ya faɗa. Yawan baki ba shi ne yawan shaida ba. Haka karin magana. Makami ne a hannun mai magana, kowane kuwa yana da abokin karawa. Bahaushen da ya ce in ba ƙira me ya ci gawayi, shi ne ya ce zato zunubi. Aikin ɗalibi ya nuna wa ya ɗauki wanne, a kan wa, don me. In ya tsinci guda ɗaya ya ɗaga sama ya ce ga dokar duniya, ya bar nazari ya koma wa'azi.

Saboda haka ina da roƙo. Ga ƙungiya, a ware zama guda a kan karin maganganun da muke yanke wa mutane hukunci da su ba a gaban alƙali ba, malamanmu su zo su yi mana alƙalanci. Ga kowa da kowa kuwa, ranar da irin wannan ta auku kusa da kai, Allah ya kiyaye, kada ka zama na farkon shiga kallo, kada kuma ka zama na farkon ambaton suna. Tsaya a bakin ƙofa ka hana shiga. Ban ce da an tsare ƙofar gidan Moore da lalle an kama mai kisan ba. Amma da an ba mai kaya ranarsa guda cikakkiya, wadda karin maganar ya ce tasa ce.

Yaya, fili na nan, Malam Edita ba zai hana ka ba. Girmanka yana nan a wurina, takardarka kuma na ƙaru da ita, jimlar ƙarshe kawai nake ja da ita. In ka zo mini da sunan wanda ya shiga gidan nan daren 9 ga Yuni 1912, da hujjar da za ta tsaya gaban alƙali, zan miƙe a gaban ƙungiya in janye duk abin da na rubuta. Kafin nan, kwanakin ɓarawo na ƙaruwa, ni kuwa ina ƙirgawa. Wassalam.